Rachel Carson: Ma'aikaciyar gwamnatin da ta bi sawun guba daga gona zuwa ruwan sha

Rachel Louise Carson masaniyar halittun ruwa ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta shafe shekara 16 tana aiki a hukumar gwamnati mai kula da kifaye kafin ta ajiye aikin ta rungumi rubuce-rubuce. Ta rasu a 1964 tana da shekara 56, ƙasa da shekara biyu bayan fitowar littafinta mai suna Silent Spring. A cikinsa ne ta tattara hujjojin da suka nuna cewa maganin da ake fesawa domin kashe ƙwari ko ciyawa ba ya tsayawa inda aka fesa shi. Ruwan sama na wanke shi zuwa rafi, rafi ya kai shi kogi ko madatsar ruwa, wani kuma ya nutse ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a rijiya. Fiye da shekara 60 bayan haka, maganar ta shafi manoman shinkafa da masunta a gaɓar Kogin Neja, kamar yadda ta shafi mazauna biranen da ke shan ruwan dam.

Haihuwarta da karatunta

An haife ta ranar 27 ga Mayun 1907 a garin Springdale da ke Jihar Pennsylvania, a bakin Kogin Allegheny. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku na Robert Carson da matarsa Maria. Iyalin suna da fili mai faɗin eka 65, amma hannunsu bai taɓa cika da kuɗi ba. Mahaifiyarta, wadda ta taɓa koyarwa kafin aure, ita ce ta riƙa jan ta cikin daji tana sanar da ita sunayen tsuntsaye da tsirrai. A daidai lokacin kuma masana'antu na mamaye garin, hayaƙinsu na turnuƙe sama, dattinsu na zuba cikin kogi.

Tun tana ƙarama ta nuna baiwar rubutu, domin a 1918 wata mujallar yara mai suna St. Nicholas ta buga labarinta na farko. Don haka da ta shiga Kwalejin Mata ta Pennsylvania a birnin Pittsburgh a 1925, adabin Ingilishi ta zaɓa. Sai dai darasin ilimin halittu da ta ɗauka a wajen wata malama mai suna Mary Scott Skinker ya ja hankalinta, har ta sauya fanni a 1928. Ta kammala a 1929 da sakamako mai daraja, kuma a wannan shekarar ce ta fara ganin teku da idonta, lokacin da ta je cibiyar binciken halittun ruwa ta Woods Hole. Daga nan ta wuce Jami'ar Johns Hopkins, inda ta samu digiri na biyu a ilimin dabbobi a 1932.

Ta so ta ci gaba har digirin digirgir, amma karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka a wancan zamani ta hana. Ta bar karatu a 1934 domin neman abin da za ta tallafi gida, mahaifinta kuma ya rasu a 1935. Yayarta Marian ta bi shi a farkon 1937, ta bar 'ya'ya mata biyu. Rachel, wadda ba ta taɓa aure ba, ta wayi gari ita ce mai ciyar da mahaifiyarta da marayun nan biyu.

Aikin gwamnati da littattafan teku

Aikinta na farko a Hukumar Kifaye ta Amurka na wucin gadi ne, inda take rubuta gajerun shirye-shiryen rediyo a kan rayuwar cikin ruwa. A 1936 ta zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati ta zo ta ɗaya, aka ɗauke ta a matsayin ƙaramar masaniyar halittun ruwa, mace ta biyu da hukumar ta taɓa bai wa cikakken aiki na ƙwararru. Hukumar ta haɗe da wata a 1940 ta koma Hukumar Kifaye da Namun Daji, Carson kuma ta yi ta samun ƙarin girma har ta zama babbar editar duk abin da hukumar ke bugawa a 1949.

Wannan kujera ce ta sa rahotannin masu bincike na gwamnati suke bi ta teburinta, tana karantawa tana gyarawa. Ta nan ta fara cin karo da labarin DDT, maganin ƙwarin da aka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu wajen kashe sauro da ƙwarƙwata, wanda bayan yaƙin aka sake shi ga kowa da kowa. Gwaje-gwajen hukumarta sun nuna yana kashe kifi da tsuntsaye. A 1945 ta nemi mujallar Reader's Digest ta ba ta dama ta yi rubutu a kai, mujallar ba ta nuna sha'awa ba.

Da dare da ranakun hutu take rubuta littattafanta. Na farko, Under the Sea-Wind, ya fito a Nuwamban 1941, wata guda kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, don haka yaƙi ya binne shi. Na biyu, The Sea Around Us, wanda ya fito a 1951, shi ya buɗe mata ƙofa: ya yi mako 86 cikin jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, ya kuma lashe babbar kyautar littattafai ta ƙasar a 1952. A shekarar ta ajiye aikin gwamnati. Na uku, The Edge of the Sea, ya biyo baya a 1955. Zuwa lokacin Amurkawa sun san ta a matsayin marubuciya mai taushin harshe da ba ta shiga rigima.

Abin da ya mayar da ita kan batun guba

A 1957 ɗaya daga cikin marayun da ta raina, Marjorie, ta rasu ta bar ɗa mai shekara biyar, Roger. Carson ta ɗauke shi riƙo, ga mahaifiyarta ta tsufa tana buƙatar jinya. A wannan shekarar ce hukumomin Amurka suka tsananta feshi da jiragen sama a kan gonaki da dazuzzuka da unguwanni, ba tare da neman iznin masu wuraren ba. A Janairun 1958 wata ƙawarta, Olga Huckins, ta aiko mata da wasiƙa daga Jihar Massachusetts tana ba ta labarin yadda tsuntsaye suka mutu a filinta bayan jirgin feshin sauro ya wuce. Carson ta nemi wanda zai yi rubutu a kan lamarin, da ba ta samu ba sai ta ɗauki nauyin da kanta. Aikin da ta zaci na 'yan watanni ne ya ci shekara huɗu.

Tana cikin bincike sai wani al'amari ya auku wanda ya shafi maganin ciyawa kai tsaye. A Nuwamban 1959 ministan lafiya na Amurka, Arthur Flemming, ya sanar cewa an samu ragowar maganin ciyawa mai suna aminotriazole a jikin cranberry, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace da Amurkawa ke ci a bikinsu na godiya. An amince a fesa maganin ne bayan girbi kawai, amma wasu manoma suka fesa kafin nan, kuma gwaji ya nuna yana haddasa ciwon daji a maƙogwaron ɓeraye. Kasuwar ta rushe a wannan shekara, manoman da ba su yi laifi ba suka yi asara tare da masu laifin.

Yadda guba ke tafiya cikin ruwa

Carson ta ware babi guda na littafinta ga ruwa, na sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Misalai biyu daga cikin waɗanda ta kawo sun isa su nuna tunaninta.

Na farko ya faru ne kusa da birnin Denver a Jihar Colorado, inda sojoji suka kafa masana'antar sinadaran yaƙi a farkon shekarun 1940, daga baya aka ba wani kamfani hayar wani sashe domin yin maganin ƙwari. Ana zuba dattin masana'antar a cikin wasu tafkuna da aka haƙa. Bayan wasu shekaru manoman da ke nesa da wajen suka fara ganin amfanin gonarsu na ƙonewa, dabbobinsu na ciwo. Bincike ya gano cewa dattin ya nutse cikin ƙasa, ya shafe shekara bakwai zuwa takwas yana tafiyar kimanin kilomita biyar kafin ya isa rijiyoyin da ake ban ruwa da su. A cikin rijiyoyin har an samu maganin ciyawar nan 2,4-D, alhali masana'antar ba ta taɓa yin sa ba. Masanan da suka duba suka ce sinadaran da aka zubar ne suka gauraya cikin tafkunan, rana da iska suka haɗa shi.

Na biyu shi ne Tafkin Clear da ke Jihar Kalifoniya. Domin kawar da wasu ƙananan ƙudaje da ke damun masu yawon buɗe ido, an zuba maganin DDD a tafkin a 1949 da 1954 da 1957, kuma bai taɓa wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwan ba. Bayan ɗan lokaci ba a iya gano shi a ruwan. Amma ƙananan halittun da ke yawo a ciki sun tsotse shi, ƙananan kifaye suka ci su, manyan kifaye suka ci ƙananan, tsuntsayen da ke nutso suka ci kifin. Da tsuntsayen suka fara mutuwa aka auna kitsensu, sai aka tarar maganin ya kai ninki 80,000 na abin da aka zuba a ruwa. Tsuntsayen da a da ke sheƙa fiye da dubu a tafkin suka koma kusan 30 a 1960.

Daga waɗannan misalai ta jawo hankali ga abubuwa uku. Ruwa a haɗe yake, don haka wanda ya gurɓata shi a wani wuri ya gurɓata wa wanda ke can nesa. Illar na iya jinkiri na shekaru, har a manta da tushenta. Sannan ɗan ƙanƙanen abu a cikin ruwa na iya taruwa a jikin abin da mutum zai ci. Ta kuma yi gargaɗi cewa matatun ruwan birane an gina su ne domin kawar da laka da ƙwayoyin cuta, yawancinsu ba sa iya cire waɗannan sinadarai.

Rubutu cikin jinya

Mahaifiyarta ta rasu a Disamban 1958. A Afrilun 1960 aka yi wa Carson tiyatar mama. Ta tambayi likitan ko ciwon daji ne, ya ɓoye mata gaskiya kamar yadda likitocin zamanin suka saba yi wa mata, bai kuma ba ta shawarar wani magani ba. Sai a ƙarshen shekarar, bayan ciwon ya bazu, wani likita ya faɗa mata halin da take ciki. Ta ci gaba da rubutu tsakanin gashin asibiti da gyambon ciki da ciwon ido da na gaɓoɓi, ta kuma ɓoye rashin lafiyarta ga jama'a saboda kada masu adawa su ce ciwo ne ya sa take zargin sinadarai. Babban abin da littafin ke nema shi ne a sanar da mutane haɗarin da ake jefa su ciki, ga shi ita kanta an hana ta sanin abin da ke jikinta na tsawon watanni.

Mujallar New Yorker ta fara buga sassan littafin a Yunin 1962, cikakkensa ya fito ranar 27 ga Satumba. Ma'anar sunansa ita ce lokacin tsirowar ganye da ba a jin kukan tsuntsaye. A ƙarshensa ta jera shafuka fiye da 50 na majiyoyinta, yawancinsu rahotannin gwamnati da na jami'o'i, domin ta san za a nemi kuskurenta.

Martanin kamfanoni da na gwamnati

Kamfanin Velsicol ya yi barazanar kai mawallafan ƙara tun kafin littafin ya fito. Kamfanin Monsanto ya buga wata ƙasida ta shaguɓe da ke kwatanta Amurka cikin yunwa da annoba idan babu magungunan feshi. Ƙungiyar masu sarrafa sinadaran noma ta kashe maƙudan kuɗi wajen yaɗa raddi. An kira ta mace mai firgici, an ce ba ta da digirin da zai ba ta damar magana, wasu ma suka jingina ta da kwaminisanci.

Ranar 3 ga Afrilun 1963 gidan talabijin na CBS ya watsa wani shiri inda aka ji ta bakinta da na masu sukarta. Miliyoyin mutane suka ga mace mai natsuwa tana jero hujja, suka kuma ga jami'an gwamnati suna amsa cewa akwai tambayoyi da yawa da ba su bincika ba kafin a saki magungunan. Ranar 15 ga Mayu kwamitin masana kimiyya da ke bai wa Shugaba John Kennedy shawara ya fitar da rahoton da ya gaskata mafi yawan abin da ta faɗa. A watan Yuni ta bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa, inda ta nemi a amince da 'yancin ɗan ƙasa na kada wani ya shigar masa da guba gida ba da saninsa ba. Ta kuma nemi a raba aikin sa ido da Ma'aikatar Noma, wadda a lokacin ita ce ke tallata magungunan kuma ita ce ke ba su lasisi.

Ta rasu ranar 14 ga Afrilun 1964 a gidanta da ke Silver Spring a Jihar Maryland. A 1970 Amurka ta kafa Hukumar Kare Muhalli, wadda ta karɓi aikin ba da lasisin magungunan, a 1972 kuma ta hana amfani da DDT a gonaki. Shugaba Jimmy Carter ya ba ta lambar girmamawa mafi daraja ta farar hula a 1980.

Zargin da ya biyo bayanta

Har yau akwai masu ɗora mata alhakin mace-macen zazzaɓin cizon sauro a Afirka, bisa cewa littafinta ne ya sa aka guje wa DDT. Sai dai Carson ba ta nemi a haramta magungunan gaba ɗaya ba. Ta nemi a taƙaita su ne, ta kuma yi gargaɗin cewa yawan feshi na sa ƙwari su saba da magani har ya daina kashe su. An ga hakan a ƙasar Kabi tun kafin littafinta. A 1954 aka fara wani shirin gwaji na yaƙi da sauro a yammacin Lardin Sakkwato, a yankin Birnin Kebbi, ana fesa magunguna a bangon ɗakuna. Cikin ƙasa da shekara biyu aka gano cewa sauron yankin, ciki har da na Ambursa, ya daina mutuwa da maganin dieldrin. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ma, wadda ta taƙaita DDT a duniya, ta bar ƙofar amfani da shi wajen yaƙar sauro.

Daga Kurgu zuwa Kainji

A shekarar da Carson ta rasu ne aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka kammala a 1968, tafkinta ya miƙe har Yawuri. Kogin Neja na shigowa Najeriya ta Ƙaramar Hukumar Bagudo, yankin da ya ƙunshi Lolo da Illo da Kaoje da Kende da Kurgu. Kafin ya iso, kogunan Mekrou da Alibori da Sota sun riga sun zuba a cikinsa daga arewacin Jamhuriyar Benin, inda ake noman auduga mai yawan buƙatar feshi a kewayen Banikoara da Kandi. A cikin Kebbi kuma Kogin Sakkwato na haɗuwa da shi, ɗauke da ruwan da ya ratso gonakin da ke ƙasa da madatsun Bakolori da Goronyo. Duk wannan ruwa Kainji yake nufa.

Noman shinkafa ya bunƙasa a jihar musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Tsadar 'yan ƙwadago ta sa maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da dama, kuma fadamun da ake fesa shi a bakin ruwa suke. Hanyoyin da yake bi ya shiga kogi sanannu ne: ruwan sama da ya sauka jim kaɗan bayan feshi, rarar ruwan ban ruwa da ke komawa kogi, wanke tankin feshi a rafi, jefar da robobin magani a gefen gona, da ambaliyar da ke kwashe ƙasar saman fadama. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar zuba Gamalin a ruwa domin kama kifi.

Magungunan sun bambanta a halayensu. Atrazine, wanda ake fesa wa masara da dawa da rake, yana bin ruwa cikin sauƙi kuma yana daɗewa a rijiya. Saboda haka Tarayyar Turai ta janye lasisinsa a 2004, domin dokarta ba ta yarda wani maganin feshi ya wuce kashi ɗaya cikin biliyan goma a ruwan sha ba. Paraquat yana manne wa ƙasa, sai dai yana tafiya tare da lakar da ruwa ya kwaso, kuma babu maganin da ke karya gubarsa idan mutum ya sha. A 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da jadawalin haramta paraquat daga Janairun 2024, atrazine kuma daga Janairun 2025. Alif da kulorin da matatun ruwa ke amfani da su ba sa cire atrazine yadda ya kamata, sai an haɗa da gawayin tacewa na musamman.

Lamarin ya wuce manomi shi kaɗai. Ɗan kasuwar da ke sayar da maganin shi ne sau da yawa ke gaya wa manomi yawan da zai zuba, domin bayanin da ke jikin roba da Turanci ko Faransanci yake. Ma'aikacin hukumar ruwa ko ta muhalli shi ne ke riƙe da takardar gwajin da za ta nuna abin da ke cikin dam. Carson ta zauna a irin wannan kujera, rahotannin da ta kafa hujja da su kuma sun daɗe a cikin fayil-fayil na ofisoshi kafin ta fito da su da harshen da kowa zai gane. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin hukumomin ruwa na jihohi da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ba, wato a riƙa auna ruwan madatsu a farkon damina da lokacin noman rani, a kuma sanar da masu shan ruwan sakamakon.